Hoton da Malam Ya Aika Darki

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isiyaku, wanda a Sabon Garin Wudil aka fi sani da Mai Eriya. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunansa inda jama'a za su karanta. A iya zamanmu Malam kawai nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan. Da na ɗauka idan shekaru suka ja, mutum yakan ƙara fahimtar wanda ya rasa. Ni kuwa kullum al'amarinsa ƙara ɗaure mini kai yake yi.

Malam ya yi aiki a wani gidan talabijin a Kano. Ba ya cikin waɗanda ake gani a allo, yana cikin masu kula da wayoyi da na'urori a baya. Ni kuma ina koyarwa a firamare a nan Wudil. Ritayarsa ta zo daidai da lokacin da ma'aikatarsu ta sauya kayan aiki, aka yi gwanjon tsofaffin. Abokan aikinsa suka ɗebi kujeru da fankoki da firji. Shi kuwa sai ga shi ya sauko daga mota da wata ƙatuwar kyamara irin wadda ake saɓawa a kafaɗa, da kwali cike da wayoyi. Na yi masa sannu da zuwa, na kawo ruwa.

Ga wanda bai sani ba, akwai wasu mutane a duniya da sukan nemi lasisi wurin hukuma, su haɗa 'yar tashar rediyo a gida, ba don ciniki ba, sai don su riƙa gaisawa da junansu ta iska. Malam yana da wannan lasisi tun kafin a yi aurenmu, amma murya kawai yake aikawa. Da ya yi ritaya sai ya ce hoto yake so ya aika, mai motsi, irin na zamani da ake kira dijital. Daga shagon gidanmu zai tashi, ya sauka garin Darki da ke gaba da mu, gidan Malam Ɗanlami, tsohon abokin aikinsa da ya koma noma, wanda shi ma yana da lasisin.

Matsalar, kamar yadda ya sha yi mini bayani, a bayan kyamarar take. Akwai wani ɗan zagayayyen baki da hoto ke fita ta cikinsa, wanda 'yan gidan talabijin ke kira SDI. Babu abin da ke gidanmu da ke karɓar wayar da ta fito daga wannan baki, ba talabijin ɗinmu ba, ba kwamfutarsa ba. Akwai na'ura ta musamman da aka yi don haka, amma ta manyan tashoshi ce, ta fi ƙarfin mai cin fansho nesa ba kusa ba. Sai ya shiga neman ƙananan akwatuna masu araha a kasuwannin Kano. Wannan ya juya hoton kyamara zuwa irin na talabijin ɗin gida, wancan ya shigar da shi kwamfuta, kwamfuta ta matse shi, wani kuma da ya haɗa da hannunsa ya ɗora shi a iska. A can Darki, risibar dish ta gida ce za ta kama, bayan ya yi mata 'yar dabara don kada wutar da take turawa sama ta ƙona eriya. Har yau ina iya jera wannan bayani kamar karatun allo, amma kada a tambaye ni ma'anarsa.

Kowane akwati da nasa halin. Wani ya ba da hoto kore shar. Wani ya kawo murya ya hana hoto. Wani ya yi aiki da safe, rana na ɗagawa ya ɗau zafi ya tsaya. Akwai wanda ya kawo duka biyun, amma baki ya motsa, sai can daga baya magana ta biyo. Malam yakan buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya cire wannan, ya liƙa wancan da dalma, ya ɗaura wa wani 'yar fanka da ya ciro daga matacciyar kwamfuta. Ya taɓa ce mini talabijin irin na zamanin da shi ya fi tausayi, domin ko hoto bai zo sosai ba za ka ga dishi-dishinsa, ka san kana kan hanya. Na yanzu ko dai ya zo garau, ko allo ya tsaya baƙi, ba abin da zai nuna maka kusa kake ko nesa.

Wata rana na kasa haƙuri. A lokacin an riga an fara kiran bidiyo ta waya, har ɗanmu Nasiru yakan kira mu daga inda yake karatu mu gan shi. Na ce wa Malam, tunda waya na yin wannan aikin, me ya hana ya kira Malam Ɗanlami su ga juna, ya huta?

Ya ajiye ƙarfen dalma ya ce, "Malama, hoton waya ta hannun mutane da yawa yake bi kafin ya isa. Nawa daga rufina zai tashi ya sauka rufin Ɗanlami, ba kowa a tsakani."

Na gyaɗa kai. Ban gane abin da ke cikin hakan da har zai ci shekarun mutum ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa yanzu na gane ba.

Daga baya ni ma aikin ya jawo ni. Yana bukatar abu mai motsi a gaban kyamara, sai ya roƙe ni in riƙa zama a shagon bayan la'asar. Na ce ni ba za a watsa fuskata a iska ba, wa ya san wanda zai kama? Ya yi dariya ya ce wanda aka yi dominsa ma ya kasa kamawa. Duk da haka ya sunkuyar da kyamarar, ba ta ɗaukar komai sai hannuwana da abin da ke cinyata. Sai na riƙa zuwa da aikina, yau tsinkar zogale, gobe ɓarar gyaɗa. Wani lokaci ya ce in tafa, don ya ga ko sauti da hoto sun zo tare. Mace da jikoki tana tafi ita kaɗai a shago. Can sai ya kira Darki a waya, ya tambaya, a ce masa allo baƙi ne, ya yi godiya ya kashe. Haka muka yi damina biyu da rani a tsakani. Yanzu da nake waiwaye, ban san wani lokaci a zamanmu da muka zauna tare kamar wannan ba, ko da yake ba wata hira muke yi ba.

Ranar da abin ya faru, wake nake tsincewa a faifai. Na tabbata da wannan, domin alala na yi washegari. Malam bai kai ga kira ba, sai ga wayarsa na ruri. Ya buɗe muryar yadda ni ma zan ji. Malam Ɗanlami ne, numfashinsa har sama-sama yake. Ya ce hoto ya zo, garau, ya ɗan jima kafin ya ƙame ya ɓace.

Malam ya ce, "Me ka gani?"

"Hannu na gani a kan faifai. Ana tsintar shinkafa."

Malam ya dubi faifan da ke cinyata, ya dube ni. Ya ce alhamdu lillahi, suka yi sallama. Na zaci zai miƙe ya yi murna, ko ya kira Nasiru ya gaya masa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe zaune yana kallon akwatunan nan, har aka kira magariba ya fita. Washegari da na leƙa shagon, na tarar ya warware komai, kowace waya ya naɗe ta daban. Na tambaye shi dalili, ya ce abin da ya yi aiki ba ka san yadda aka yi ya yi ba, bai yi aiki ba tukuna, zai sake haɗawa daga farko. Bai gama haɗawar ba ciwo ya kwantar da shi. Kafin a girbe dawa Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar nake juya maganar nan. Malam Ɗanlami ya san a shagon nake zama, ya san hannuwana ake ɗauka, domin Malam ya sha gaya masa. Ya kuma san jikin abokinsa ya fara rauni tun kafin mu na gida mu yarda da hakan. Ko tausayi ne ya sa ya ce ya gani, ya cinka abin da ke faifan bai dace ba? Idan haka ne, to Malam ya gane a take, kuma shi ya sa ya warware kayan. Amma kuma Nasiru ya ce mini hoton da aka matse sosai yakan cinye ƙananan abubuwa, farin wake da shinkafa duk ɗaya za su zama a idon dattijo mai kallon ƙaramin allo. Kuma mutumin da ya yi wata da watanni yana cewa allo baƙi ne, me zai sa ya zaɓi wannan rana ya yi ƙarya? Idan na bi wannan sai in ga gaskiya, idan na koma wancan sai in ga ita ce.

Malam Ɗanlami ya zo ta'aziyya, ya zauna a zaure yana hawaye, ya aiko mini da gaisuwa ciki. Ina takaba, ba lokacin tambayar wake da shinkafa ba ne. Na ce sai an kwana biyu. Da aka kwana biyun sai na ga nauyin in aika wa dattijo tambayar da ke nufin ko ya yi wa amininsa ƙarya. Shekara uku bayan Malam shi ma ya bi shi. Matarsa ta ce mini ranar da ya ce hoton ya zo tana gidan biki, ba ta ga komai ba, ta dai dawo ta tarar da shi cikin fara'a.

Nasiru yanzu yana aikin haɗa sola a Kano. Yakan gaya mini yadda abubuwa suka sauya. Ya ce akwatunan da babansa ya yi ta fama da su, yanzu akwai guda ɗaya da bai fi tafin hannu ba mai yin aikin da yawansu, kuma ba tsada. Ya ce masu irin sha'awar babansa sun samu tauraron ɗan'adam da suke cilla hoto gare shi ya dawo, mutum a nan ya ga wani a wata nahiya. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Wata rana in ga kamar zai yi murna irin ta yaro, ya juya dish sama ya kira ni in zo in tafa. Wata rana kuma in ga zai taɓe baki ya ce tauraron ma ai wani ne a tsakani. Na zauna da mutumin nan shekaru masu yawa, na san yadda yake son kununsa, na san tafiyarsa daga ƙarar takalmi, amma wannan tambaya ɗaya ta fi ƙarfina.

Shagon yana nan. 'Yan gwangwan sun sha zuwa suna tayawa, na hana. Bara wata malama da ke koyar da aikin lantarki a wata makarantar fasaha ta ji labari, ta zo ta nemi in bar ta ta duba. Ta yini tana buɗe akwatuna. Ta ce wasu gyare-gyaren ta gane su, wasu kuma ba ta san abin da yake nufi da su ba, mai yiwuwa dabara ce, mai yiwuwa kuskure ne. Na tambaye ta ko kayan nan za su iya kai hoto Darki. Ta ce za su iya, kuma za su iya kasawa, sai an haɗa an gwada, kuma ba wanda ya san yadda ya haɗa su ranar. Da za ta tafi ta tambaye ni, da abin ya kankama, me Malam ya yi niyyar nunawa? Na ce mata ban sani ba. Bai taɓa faɗa ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na ba ta kyamarar da rabin akwatunan don ɗalibanta. Sauran na bar su, ban san don me ba.

Idan aka ce in faɗi abin da Malam ya bari, ba zan ce tasha ba, domin babu ita. Ba zan ce nasara ba, domin ban tabbata ya samu ba, ba kuma zan ce ya faɗi ba. Abin da na gani da idona shi ne, 'ya'yansa ba sa jefar da abu don ya lalace sai sun buɗe cikinsa sun duba, ko maza ko mata. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan amininsa, ya sa suna inda ba a bukatar tambayar abin da wani ya gani.

A watan jiya fankar ɗakina ta tsaya ana tsakiyar zafi. Mai gyara yana nan bakin titi, aike ɗaya zai kawo shi. Ban aika ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko sukundireba, na kwance bayanta. Na ga wayoyi ja da baƙi da wani ɗan abu mai kama da ƙwayar dabino, ban san aikin ko ɗaya ba. Maƙwabciyata ta shigo ta same ni a haka, ta ce, "Malama, kin iya gyaran fanka ne?" Na ce mata a'a. Ta ce to me nake nema a ciki? Na ce ban sani ba tukuna, ta zauna ta riƙe mini kusoshin kada su ɓace.