Fim ɗin da ya ƙone babu hayaƙi

Shekarun da aka fara shari'a, mai hoto ya daina shiga cikin mata, sai yayana ya damƙa mini kyamararsa ranar sunan 'yarsa a Baure. Ina gama ɗauka Goggo ta karɓe, ta buɗe bayan kyamarar cikin rana don ta ga ko ɗaurin ɗankwalinta ya zauna.

Na ce, "Goggo, kin ƙona fim ɗin! Ba ya son haske."

Ta sunsuna shi, ta harare ni. "Ina hayaƙin? Ni za ki raina wa hankali?"

Ta zaro shi ta cilla cikin murhu. Wuta ta tashi bal, mata suka ja da baya suna dariya.

Ta karkaɗe hannu. "To, yanzu ya ƙone."