Yadda Keke Ya Kai Ni Hannun 'Yan Sa-kai

A lokacin ina sayar da turare a wani ɗan shago a Gwale, ina zaune da matata a gidanmu na gado a Madabo. Ba ni da wani abin sha'awa da ya wuce keke. Tun ina yaro nake jin cewa kakanmu ta Damagaram ya biyo ayari ya shigo Kano, sai na ƙudura a raina zan taka keke har can ni kaɗai, ba mota a bayana, ba abokin tafiya. Na zaɓi lokacin sanyi don gudun rana. Na san yayana ba zai yarda ba, don haka na ce wa kowa ɗaurin aure za ni Kazaure.

Na fita ta Ƙofar Dawanau bayan sallar asuba da bargo, dabino, kilishi, galan na ruwa, famfo da kayan faci. Sanyin da na raina shi ya fara karya ni. Yatsuna suka ƙage har riƙe birki ya zama aiki, leɓena ya tsattsage, gwiwoyina suna ciwo. Na naɗe fuskata da rawani, na sa baƙin tabarau, ina tsayawa ina ɗaukar hoton rijiyoyi da garken shanu da wayata. Bayan na wuce Kazaure ne na lura da wani mutum a kan babur a bayana. In na tsaya sai ya tsaya, in na tafi sai ya biyo ni, bai taɓa matsowa ya yi sallama ba. Zuciyata ta ba ni ɓarawo ne yake jiran wurin da ba kowa. Don in ɓace masa sai na sauka daga kwalta na bi wani burtali, nan ƙaya ta fasa mini tayar baya.

Haka na turo keken cikin wani ƙauye. Na yi sallama, mutanen da ke zaune a jikin masallaci suka amsa ciki-ciki, mata suna janye yara. Kafin in kwance famfo, 'yan sa-kai sun zagaye ni da bindigogin gargajiya. Sai ga mai babur ya iso. Ashe ɗan garin ne, kuma ni yake zargi. Ya ce tun safe yake ganina ina ɗaukar hoton shanunsu da fuska a rufe, alhali ba a daɗe da kore musu garke ba. Suka kai ni zauren mai gari, suka zazzage kayana, suna tambayar wanda ya aiko ni. Na ce sha'awa ce kawai. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin mai hankalin da zai bar mota ya taka keke zuwa Damagaram cikin wannan sanyi don sha'awa ba.

Na roƙa a kira yayana. Da mai gari ya tambaye shi, sai ya ce ai ƙanensa yana Kazaure wurin biki, duk wanda ke hannunsu maƙaryaci ne. Na ji ana cewa a waje a fito da ni kawai. Da kyar mai gari ya bari na yi magana a wayar, yayana ya ji muryata ya yi salati. A zauren na kwana da zazzaɓi, wani yana gadina, har washegari yayana ya iso da mai unguwarmu suka tsaya mini. Ko da ake ɗaure kekena a saman mota, mai babur bai daina kallona ba, na kuma san bai yarda da ni ba.

Ban ga laifinsu ba, mutanen da aka hana barci ba sa ganin baƙo kamar da. Duk mai son irin wannan tafiya ya faɗa wa iyalinsa gaskiyar inda za shi, ya buɗe fuskarsa, ya fara gaida shugabannin gari kafin ya ɗaga waya. Ranar da aka tsare ka, maganar mutanen gidanka ce kaɗai za ta fitar da kai, ni kuwa da bakina na lalata tawa.