Yokasta da Yarinyar Cikin Kwamfuta

Yokasta Ureña, wadda ke ba da magani a kemis ɗin bakin kasuwar garinmu Moca, tana da shekara goma sha biyar ta gama sakandare. Sau biyu malamai suna tsallakar da ita aji saboda kaifin ƙwaƙwalwarta. Ranar da ta karɓo takardar, uwarta Nurys ta dafa naman akuya da shinkafa ta kira duk layinmu. Katanga ce kawai tsakanina da su, da ni aka yini ana soya ayaba.

Sai da aka watse matsalar ta fito. Jami'ar da take so tana babban birni, Nurys kuwa ta ce ba za ta tura ƙaramar yarinya ɗakin haya ita kaɗai ba. Aiki kuma babu mai ɗaukarta. Yokasta ta koma zaman shagon uwarta, tana auna sukari da man girki, tsararrakinta suna wucewa cikin kayan makaranta. Da farko sukan tsaya a taɓa hira. A hankali hirar ta koma ta abubuwan da suka faru a aji ba ta nan, daga baya sai ɗaga hannu kawai.

Yayanta da ya tafi aikin otal ya bar tsohuwar kwamfuta, a ciki akwai wasan nan da mutum ke ƙirƙirar mutane, ya gina musu gida, ya sa su makaranta. Ta ajiye ta a gefen sikeli, ta ƙirƙiri wata yarinya ta sa mata suna Lisbet.

Wata la'asar na shiga sayen gishiri, na tarar da Nurys tsaye a bayanta tana leƙe. Wani saƙo ya fito a kwamfutar.

"Me suka ce?" in ji Nurys.

"Wai Lisbet ta yi ƙoƙari, in tana so ta gama makaranta tun yanzu."

"To karɓar mata mana. Ai gado ta yi."

"Na taɓa karɓar wa wata a wasan nan, Mama."

"Sai me ya faru?"

"Ba komai. Ta dawo gida. Aka cire ta daga ƙungiyar ƙwallo, ranar rawar ƙarshen shekara ba wanda ya gayyace ta. In ta kira ƙawayenta, suna aji. Sai ta yi ta zagaye ɗaki, ta buɗe firij ta rufe."

"'Yar tsana ce fa, 'yar nan."

"Na sani," in ji Yokasta, ta danna a'a.

Nurys ta juyo ta ƙunsa min abin da na zo saye. Da na isa gida na kwance ƙunshin, sai na ga sukari ta zuba min.

A satin nan Nurys ta ɗauki jakarta ta tafi makarantar. Shugabar ta ce doka ba ta ba da damar mayar da wanda ya gama ba. Nurys ta ce ita ba aji take roƙo ba, filin wasa take roƙo, kuma ba za ta tashi daga kujerar nan ba. A ƙarshe aka yarda Yokasta ta riƙa zuwa ƙwallon raga da yamma.

Ba ta iya ba ko kaɗan. Wata doguwar yarinya, Dahiana, takan ce mata, "Farfesa, hannu ake sa wa, ba lissafi ba." Haka Yokasta take dawowa da kumburarrun hannuwa, tana ba uwarta labari baki bai rufuwa.

Ba duk abin da ya wuce ta ne ya dawo ba. Rawar ƙarshen shekara an ce ta ɗalibai ce kaɗai. Ita ta gyara wa Dahiana gashi, ta raka su har bakin ƙofa, ta juyo gida da ƙafa. Na ga idonta a ranar, ya yi ja.

Tana da shekara sha bakwai suka tafi birni karatun jami'a tare da Dahiana, ɗaki ɗaya suka kama. Yanzu tana da miji da ɗa ɗaya, kuma duk unguwar nan wurinta tsofaffi ke zuwa ta karanta musu rubutun likita.