Karen da Aka Bar Mini Amana

Matan 'yan uwanmu da ke unguwar Taman Melati, a nan ƙasar waje, sun ɗauka laifina shi ne na taɓa kare. Ba su gane komai ba. Laifina shi ne na ƙi taɓa shi.

Lokacin kullen korona ne. Maigidana yana karatu, ni ina zaune a hawa na huɗu, ba aikin fari ba na baƙi. Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa 'yar Sin, ita kaɗai sai ƙaramin karenta. Jijiyar gwiwarsa ta baya ta tsinke, likitan dabbobi ya yi masa aiki, ya ɗaure gwiwar da zare mai ƙarfi. Ba a yi kwana goma ba tsohuwar ta kamu, motar asibiti ta zo ɗaukarta. Ta ajiye makulli a ƙasa, daga nesa ta nuna karen ta ce, "Boleh?" Wato da yaren ƙasar, zan iya? Na ce boleh. Matar nan ce ta riƙa rataya mini abinci a ƙofa sanda na yi ɓari.

Takardar likita na manne a firjinta. A keji karen zai zauna. In zai fita fitsari, a ɗauke shi a matakala, kada ya taka ko ɗaya. Gidan kuwa ba lif.

Kwana biyu ina ɗaukarsa yana lasar hannuna, in dawo in yi ta dirzar fata kamar zan saɓule ta.

"Ke wai wanka nawa za ki yi?" in ji maigidana. "Famfon ma ya gaji da ke."

"To malam, kai ka ɗauke shi mana."

"Ni aka ba makulli?"

Rana ta uku na ga yana taka ƙafar. Na ce ai ya warke, likitoci dai da jan rai. Na sa masa igiya na bar shi ya sauka da kansa. A hawa na biyu ya hango kyanwa ya zabura. Ƙara ɗaya ya yi, ya ɗage ƙafar, bai ƙara sauke ta ba.

Likitan ya ce zaren ya tsinke, sai an sake aiki, kuma ƙila ɗingishin ya zauna masa ke nan. Ya tambayi yadda aka yi. Na ce a keji ya zame.

Tsohuwar ta kira daga asibiti, numfashi sama-sama, tana ta yi mini godiya. Ita ma haka na ce mata. Har ta ba ni haƙuri, wai ya wahalar da ni.

Ranar da aka ce za a sallame ta, maigidana ya ce in bar zancen, mai jinya ce. Na ce a'a. Zan bari ta zauna ta sha ruwa, sannan in faɗa mata ni na sake shi a matakala, don ƙyama. In ta ga dama ta karɓi makullinta.