Ƙofar Ɗakin Inna

Tun ina makarantar allo Baba ya fara gina wa Inna ɗakin bulo, bai gama ba sai da na dawo gida wankan jego da ɗana na fari. In na faɗa wa 'ya'yana haka, dariya suke yi, wai na cika ƙari. Wallahi ko kaɗan ban ƙara ba.

Gidanmu yana bayan Indabo, garken shanunmu kuma a jikin katanga yake. Ɗakin Inna na ƙasa ne, tsohon soro da ya gaji da yaɓe. Idan hadari ya haɗo kowa murna yake, ita kuwa sai ta hau naɗe katifa tana ja da gado daga wannan lungu zuwa wancan, don ko'ina yoyo yake. Ba ta taɓa roƙon Baba zinare ko Makka ba. Abin da take so kawai, a yi ruwa tana kwance a gadonta, ba ta tashi ba.

Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, bai san sauri ba, kuma ba ya yarda wani ya taɓa masa aiki. A ce masa ya kira birkila, sai ya ce, "Nawa hannun mutuwa ya yi?" Bayan kaka zai kora ɗan bijimi zuwa kara, kasuwar shanu ta Wudil, ranar Juma'a, ya dawo da siminti, ya ɗora 'yan layuka. Daga nan rijiya ta rufta, ko saniya ta kwanta ciwo, shi ke nan sai baɗi. Ragowar bulon ma mata su ara su kafa murhun biki, ya dawo baƙi ƙirin, in ma ya dawo. Inna takan leƙa ginin ta ce, "Malam, sannu da aiki. Jikokina dai za su ji daɗi." Shi kuma ya ce, "Ke dai kin faye gaggawa."

Ɗaki babu rufi kusa da garke, ai maruƙa suka samu gida. Su shige su kwanta a inuwar bango, su lashe shi, su bar mana kashi. Ran da wata karsana ta ture masa layi guda, ran Baba ya ɓaci. Ya kwaɓa siminti ya matse ƙofar, ya auna da kafaɗunsa, ya ce mutum dai zai wuce, dabba kuwa sai dai ta leƙa. Duk muka yaba dabarar. A cikinmu babu wanda ya tuna da gadon Inna.

Gadon ƙarfe ne mai rumfa, mahaifinta ya sayo mata a Kano da za a kawo ta. Da ya tsufa ya fara girgiɗi, an kai shi wurin mai walda ya liƙe shi gam, ba ya kwancuwa.

Shekarar da aka buga kwano, ina gida da jariri. Bazara ce, an fara jin ƙanshin ruwa. Aka yi daɓe, aka share, Inna ta turara ɗakin, bakinta ya ƙi rufuwa. Yayyena maza suka ɗauko gadon, ya fito daga tsohon ɗaki lafiya lau. A sabuwar ƙofa ya cije. Suka karkata shi, suka miƙar da shi, suka juya ƙafafunsa sama. Ina! Ko kansa bai shiga ba.

Babban yayana ya ce a fasa gefen ƙofar. Inna ta yi wuf ta tare.

"Kada wanda ya taɓa," ta ce. "In aka fasa, sai yaushe kuma? Ku mayar da shi. Tabarma ta ishe ni."

Tana murmushi ta faɗa, amma muryarta ta karye. Tausayinta ya kama ni, har na ji haushin Baba. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta kamar ya daɗe bai gan ta ba, ga furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Sai ya shiga zaure ya fito da guduma.

Ban taɓa ganin Baba yana sauri ba sai ran nan. Ya rushe abin da ya gina da hannunsa, ya tura yayana a babur ya ɗauko birkila, shi da kansa yana miƙa masa bulo, gumi har gemu. Kafin la'asar gado ya shiga, an tayar da gefen ƙofar.

Inna ta zauna a bakin gadon tana shafa ƙarfen. Baba ya tsaya daga waje, duk jikinsa ƙura, ya yi gyaran murya.

"Na sa ki jira da yawa," ya ce. "Ki yafe mini."

Inna ta juya fuskarta bango, don kada mu ga ƙwallarta. Muka fita muka ba su wuri.