Mudu Ukun Alkamar Baba

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Baba ya iso gidana a Orozo, gefen Abuja, da kaya kala biyu da wata tsohuwar jakar fata. A cikin jakar akwai mudu uku na irin alkama, wanda ya gada daga mahaifinsa, gajera mai jan ƙwaya da ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana noman rani, sai ga shi zaune a baranda yana kallon masu okada. Abin ya riƙa ci mini rai.

Ni na roƙi maƙwabcinmu, wani dattijo Bagwari, ya ara mana gefen gonarsa a bakin rafi. Ya ara, amma sai da ya girgiza kai. "Madam, alkama ba ya yi a nan. Zafi ne, ga darɓa." Darɓa su ne ƙananan ƙwarin nan kore da ke liƙe wa ganye suna tsotse shi har ya yi danƙo. Na ce a raina, kai dai doya ka sani.

Na tafi kasuwar Gudu wurin wani mai shagon kayan noma, ya ba ni hodar maganin ƙwari a ƙunshi. Ya ce a yayyafa wa irin ruwa, a cuɗa shi da ita kafin shuka, maganin zai bi jikin tsiron, duk ƙwaron da ya tsotsa ya mutu. Na dawo gida ina jin kamar na sayo damina.

Baba ya auna mudu biyu ya tura mini, ya ɗaure bakin jakar. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, ba a zuba iri duka a ƙasa. Ɗaya na ajiya ne."

Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na ce haba Baba, wannan tsoron na zamanin da ne, yanzu akwai magani. Ajiyar me, gara ta cinye? Na yi ta magana har ya gaji. Ya kwance jakar da kansa ya juye sauran a daro. Na cuɗa, ƙwayar ta koma ruwan hoda, hannuna ma haka.

Wallahi ta tsiro da kyau. Sati biyar ko ƙwaro ɗaya babu. Baba ya koma tashi da wuri, har waƙa na ji yana yi yana jan ruwa. Abin da ban tambaya ba, kuma ba a gaya mini ba, shi ne ƙarfin maganin ƙarewa yake yi idan tsiro ya girma. Sanyin Abuja kuma ba ya daɗewa. Alkamar na fara fitar da kai zafi ya sauko, darɓa ta biyo baya. Ka shafa ganye, hannunka ya yi danƙo. Na sayo feshi, na sake sayowa, a banza.

Abin da muka sussuka bai cika tafin hannu biyu ba, duk a motse. Baba ya jera ƙwayoyin a faranti bisa jiƙaƙƙiyar auduga, ya yi kwana goma yana ɗiga musu ruwa. Ko ɗaya ba ta tsaga ba.

Na so ya yi mini faɗa, ko sau ɗaya, in samu sauƙi. Bai yi ba. Ya kakkaɓe jakar fatar, ya naɗe ta, ya miƙo mini.

"Ungo, Uwata. Ki riƙa zuba maɓallai a ciki."

Ya koma baranda. Can yake zaune har yau, kuma ya daina tambayata ko an ce hanyar gida ta buɗe.