Hassane, Mai Sauke Bulo a Tekun Abhur

Da an idar da sallar asuba, Hassane yakan fito daga lungunmu na Mahjar, nan Jidda, butar shayi a hannu, auduga a kunnen hagu, ya tsaya bakin titi sai motar sharika, wato kamfanin da yake wa aiki, ta zo ta kwashe shi zuwa bakin tekun Abhur. A takarda, direban ƙaramin jirgin ruwa ne. Amma duk sanyi, in an zo gasar ninƙaya a teku, shi ke shata wa masu iyo hanya. Manyan balan-balan ne masu launin ruwan lemo ake jerawa a kan ruwa, kowanne ɗaure da sarƙa, sarƙar kuma ɗaure da bulon siminti da zai zauna a ƙasa.

Yadda aka saba, a tura bulon da ƙafa daga jirgi, ya faɗa inda ya faɗa. Hassane bai taɓa yarda ba. Sai ya tuɓe riga, ya rungumi bulon kamar jinjiri, ya nutse da shi, ya lalubi fili mai yashi a tsakanin murjani, ya ajiye, ya taso yana haki. Irin nutson da ya koya ne tun yana yaro a kogin Gaya. Ya fi shekara goma yana wannan, babu wanda ya sa shi, babu wanda ya ce masa sannu.

Mu mata a wuya muka san murjani. Daga bakinsa muka fara jin cewa abin yana da rai. Na sha jin su ta katanga shi da matarsa Mas'uda.

"Gari ne guda a ƙasan nan, Mas'uda. Da gidaje, da lunguna, har da 'yan kifaye masu gadin ƙofa. In ke ce, kya so a sako miki bulo daga sama?"

"To, sarkin garin kifi, kunnenka fa? Yau ma jini na gani a matashi."

"Ai biyu ne. Ɗaya ya ishe ni jin faɗanki."

Bana gasar ta bunƙasa. Masu iyo suka ninku, jiragen rakiya suka cika ruwa, aka ƙara balan-balan, aka tsawaita hanya har ta ratsa ta kan murjanin kansa. Mai kula da aikin, wani Meshari, ya ɗebo lebura daga unguwar Khumra, 'yan uwanmu ne ma, ya ce su ne za su jefa bulon.

Hassane ya ce, "Mudir, ranka ya daɗe, bar ni in sauke ko da na kan murjanin kaɗai."

"Ma fi, babu lokaci, ya ammi. Kai riƙe injinka. Yalla!"

"Wallahi ba zan daɗe ba."

"Halas. Na gama magana."

Aka jefa. Ranar gasar kuma iska ta taso, balan-balan suka yi ta fizga, sarƙoƙi suka yi ta shara a ƙasa kamar lauje a gonar gero. A sama ana tafi, ana rataya wa mutane lambar yabo. Da la'asar kowa ya shiga motarsa. Suka bar hulunan roba da ledoji suna yawo, man da suke shafe jiki da shi ya yi maiƙo a kan ruwa. Balan-balan aka kwance aka tafi da su, don su ne masu daraja. Bulo da sarƙa aka bar wa teku.

Washegari ranar hutunsa ce, amma Hassane ya koma shi kaɗai. Can Rim ta same shi, wata 'yar iyo haifaffiyar Jidda, jikar mutanenmu, ta shiga ruwa da na'urar ɗaukar hoto. Ta tarar da dattijo a ƙasan teku yana warware sarƙa daga karyayyen murjani, reshe-reshe, a hankali kamar mai tsefe kan yarinya. Ta ɗauke shi, ta sa a waya, ta rubuta yabonsa a ƙasa.

Hoton ya yi ta yawo, yabon ya faɗi a hanya. Mutane suka ga ɓarna, suka tada jijiyar wuya, suka ce sai an faɗi wanda ya yi. Sharika ba ta sha wahalar nema ba. Ta ce ga shi nan kuna gani, sarƙar ma tana hannunsa, direba ne ya saɓa umarni. Su ne kafilinsa, zamansa a ƙasar nan a hannunsu yake. Suka ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, suka buga masa hatimin fita ba dawowa.

Ina tsakar gidan lokacin da Rim ta zo tana kuka, Hausar tana sarƙe mata. "Ya ammi, samihni, ka yafe mini. Wallahi ana... ni ban nufi haka ba."

Sai da ta maimaita a kunnensa na dama. Ya ce, "Daina kuka, 'yata. Ko ba komai an ga abin da aka yi wa wurin. Ke dai gaya mini, an cire sauran sarƙoƙin?"

Ba a cire ba. Shi kuma mai gadin wurin gasar ba ya barinsa ya wuce ƙofa.

Kai ne, Hassane, ka ba da kunnenka saboda halittar da ba za ta taɓa ce maka na gode ba. Kai ne aka rataya wa laifin da ka roƙa kada a yi. Namijin ruwa, mai aikin da ba a gani. Mas'uda tana sayar da tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, kai kana zaune a ƙofar gida kana tambayar sarƙa. Mun gode. Allah ya gani, mu ma mun gani, Allah ya saka maka.

Ku kuma masu sharika, ban ce kada a yi iyo ba, tekun ba na ubana ba ne. Amma ku fito ku faɗi wanda ya ba da umarni. Ku kwashe ƙarafanku daga ruwa. Ku wanke sunan bawan Allah kafin ya hau jirgin sama, kada ya koma Gaya jikokinsa su buɗe waya su ga kakansu a matsayin mai ɓarna.

Samarin Khumra da kuka tura bulon da ƙafafunku, na san ku, na san iyayenku. Na san tsoron iƙama ne ya ɗinke muku baki, ni ma da ita nake zaune. Amma dattijon nan saura masa kwanaki. Rim ta ce za ta faɗi abin da ta gani a gaban kowa. Ni kuma gobe da hantsi ina ƙofar sharikar nan da tabarmata, kuma ba zan tashi ba. Wanda yake cikin jirgin ruwan ranar da aka jefa bulon, ya zo ya same ni.